Bireka ba ta faɗuwa banza: yadda za ka gano abin da ke yanke wutar gidanka

An kawo wuta bayan ta wuni ba a gan ta ba. Nan take kowa ya zabura: uwargida ta jona dutsen guga, an tsoma hita a bokiti, maigida ya kunna sumo don a cika tanki kafin a sake ɗaukewa, firiza kuma ta fara gurnaninta a lungu. Ba a yi minti goma ba sai a ji ƙas! daga akwatin nan na jikin bango. Gida ya yi duhu, ga fitilar maƙwabta tana ci tar. A je a ɗaga bireka, ta ɗan jima ta sake faɗuwa. In an kwana biyu ana wannan kokawa, sai a kira mai gyara a ce masa birekar ta gaji, ya cire ta ya sa wadda ta fi ta girma. Galibi a nan ake barin jaki ana dukan taiki.

Ba don kare talabijin ko firij aka sa bireka ba. Wayar da ke binne a bango da wadda ke shimfiɗe a cikin silin take tsaro. Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta iya ɗauka. In aka wuce wannan iyaka sai ta ɗau zafi, robar jikinta ta yi laushi, ta bushe, ta tsage, wata rana ta kama katakon rufi. An auna bireka ne ta yanke wuta kafin a kai nan. Saboda haka in ta faɗi, wani abu ta gani, kuma yadda ta faɗi da lokacin da ta faɗi su ne za su gaya maka ko mene ne.

Karanta fuskarta tukuna

Buɗe murfin akwatin rarraba wuta, wanda masu aiki ke kira dibi. Murfin waje kawai, ba wanda aka ɗaure da sukuru ba. Za ka ga ƙananan birekoki a jere, kowace da rubutu irin C6, C16, C20 ko B32. Lambar ita ce yawan amfiyar da za ta bari ya wuce ba tare da ta damu ba, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Harafin kuwa yana nuna irin haƙurinta da fizgar wuta ta farat ɗaya: mai B tana faɗuwa nan take in wuta ta ninka lambarta sau 3 zuwa 5, mai C sau 5 zuwa 10, mai D sau 10 zuwa 20. Ke nan C16 ba ta yin faɗuwar nan-take sai wuta ta kai tsakanin amfiya 80 da 160.

Tarko biyu ne a cikinta. Na farko wani siririn ƙarfe ne da aka yi da ƙarafa biyu manne da juna. Wuta in ta yi yawa sai ya ɗau zafi, ya lanƙwashe a hankali har ya ture kunamar. Wannan ba ya gaggawa. A ƙa'idar da ake ƙera birekokin gida, in nauyi ya haura lambarta da kashi 13 cikin 100 za ta iya jurewa awa guda cur. In ya haura da kashi 45, dole ta faɗi kafin awa ta cika. In ya ninka sau biyu da rabi, bireka irin ta soket ba ta wuce minti guda. Tarko na biyu naɗin waya ne da ke zama maganaɗisu. Shi ba ya jira: wuta mai yawa ta fizgo, kafin ƙiftawar ido ya buge kunamar.

Akwai kuma wata mai faɗi, da ɗan maɓalli a fuskarta mai harafin T, an rubuta mata 30mA, wato miliamfiya 30 (miliamfiya dubu ne amfiya guda). Wasu na ce mata RCD ko RCCB, da yawa a Najeriya har yanzu ELCB suke kiran ta. Ita ba ruwanta da nauyin kaya. Aikinta ta auna wutar da ta fita ta wayar laif da wadda ta dawo ta nitiral. In an samu giɓi, to wuta ta zurare ta wata hanya, ko ta jikin bango mai laima, ko ta gangar firij, ko ta jikin mutum. Giɓin da ke tsakanin miliamfiya 15 da 30 ya isa ya kayar da ita. Lambar 40A ko 63A da ke jikinta ƙarfin da za ta iya ɗauka ne ba ta ƙone ba, ba wai a nan take faɗuwa ba.

Da wannan a kai, tambayoyi uku za ka yi wa kanka kafin ka taɓa komai. Wacce ce ta faɗi: ƙarama guda ɗaya, ko babba ta gida duka, ko mai maɓallin T? Bayan an ɗaga, nan take take komawa ko sai an jima? Me aka kunna, ko me ya faru, daf da faɗuwar? Wadda ke faɗuwa bayan minti biyar ko rabin awa, nauyi ne ko zafi. Wadda ke bugawa da ƙara tun hannunka bai bar ta ba, wayoyi ne suka haɗu. Mai maɓallin T kuwa yoyo take nuna maka. In za ka taɓa ta, hannu a bushe, ƙafa da takalmin roba, fuska a kauce. Manyan birekoki wasunsu kan tsaya a tsakiya in sun faɗi, sai ka danna ƙasa sosai sannan ka ɗaga. Kuma kada ka wahalar da kanka da tokare ta da tsinke ko ɗaure ta da zare: an yi ta ne yadda ko hannun yana sama, cikin zai saki.

Nauyi ya fi ƙarfin layi

Wannan shi ne mafi yawan abin da ke faruwa, kuma shi ne wanda mai gida zai iya ganewa da biro da takarda. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. In ka raba wat na na'ura da 230 za ka samu amfiyar da take ja. Ko kuma ka riƙe cewa kowane wat 1,000 yana cin amfiya huɗu da ɗan ɗori. Bireka ta 6 tana ɗaukar wat 1,380, ta 10 wat 2,300, ta 16 wat 3,680, ta 20 wat 4,600, ta 32 kuma wat 7,360.

Wat ɗin kowace na'ura yana rubuce a ƙasanta ko a bayanta. Duk abin da aikinsa zafi ne, shi ne acici. Dutsen guga yakan ja wat 1,000 zuwa 2,200, butar lantarki 1,800 zuwa 2,200, hitar bokiti 1,000 zuwa 2,000, risho na lantarki 1,000 zuwa 1,500 a kowane kai, hitar banɗaki 1,500 zuwa 2,000. Fanka ba ta wuce 60 zuwa 80, ƙwan fitila na zamani 7 zuwa 15, firij 100 zuwa 200. Fanka goma ba su kai dutsen guga ɗaya ba, shi ya sa kashe fankoki da fitilu don a rage wa bireka nauyi bai cika yin wani tasiri ba.

Ɗauki layin soket mai C16. Guga wat 1,200, hita 1,500, buta 2,000: jimla 4,700, wato amfiya 20 da kaɗan. Ya wuce 16, amma bireka za ta iya daɗewa ba ta ce komai ba, kuma da yake buta tana kashe kanta in ta tafasa, ana iya yin wata da watanni a haka. Ranar da aka ƙara risho mai wat 1,000, jimla ta koma 5,700, kusan amfiya 25, sai ta faɗi cikin 'yan mintuna. Mutanen gida su ce ai risho ne ba shi da kyau. Risho lafiyarsa ƙalau, shi ne dai ya zo ƙarshe. Alamar da za ta tabbatar maka: taɓa fuskar birekar za ka ji ɗumi, kuma in ka ɗaga nan take takan ƙi zama, sai ka ba ta minti biyu zuwa biyar ƙarfen cikinta ya huce.

Zafin gari ma yana da hannu. Ana auna birekokin gida ne a zafin digiri 30. A watan Afrilu da Mayu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, dibin da aka kafa a bangon da rana ke duka, ko a ɗakin janareta, cikinsa ya wuce haka nesa ba kusa ba, ga kuma birekokin a matse suna ɗumama juna. Nauyin da ta ɗauka lami lafiya da sanyin hunturu sai ya kayar da ita da bazara.

Maganin wucin gadi shi ne a bi layi: a gama guga sannan a tsoma hita. Maganin dindindin shi ne a ja wa manyan kaya layinsu daban tun daga dibi. Na'urar sanyaya ɗaki, hitar banɗaki, murhun lantarki da sumo, kowanne da birekarsa da wayarsa.

A nan ne maganar sa babbar bireka take zama ganganci. Waya ce ke zaɓar bireka, ba kayan da aka jona ba. Lambar waya girman bakin ƙarfenta ne a murabba'in milimita. Yadda aka saba haɗa su: waya 1.5 ta fitilu da fanka, bireka 6 ko 10, waya 2.5 ta soket, bireka 16 ko 20. Waya 4 ta na'urar sanyi ko hita, 20 ko 25. Waya 6 ta murhu, 32. Akwai tsarin Ingila da ake zagaya waya 2.5 ta bi soket-soket ta dawo dibi, kai biyu a bireka ɗaya. Shi ne kaɗai ake sa wa 32 a kan 2.5, kuma sai an gwada an tabbatar zagayen bai tsinke a wani wuri ba. Wanda ya cire 16 ya sa 32 a kan waya 2.5 tilo, faɗuwa za ta daina, gaskiya ne. Amma yanzu waya ce za ta riƙa shan zafin da bireka ke ƙin sha, a cikin fayif, inda ba mai gani. Haka yake ga tsofaffin gidaje masu fis na tangaran, inda ake cire siririyar wayar fis ta 5 ko 15 a naɗa zaren jan ƙarfe ninki uku.

Wani abin kuma, ba kowace waya da aka rubuta wa 2.5 ce 2.5 ba. Mai ƙwaya ɗaya ta gaskiya kaurin ƙarfenta milimita 1.78 ne, ta 1.5 kuma 1.38. Kankare ta da wuƙa: in jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyom ne aka yi wa rufi, kuma ba zai ɗauki abin da jan ƙarfe ke ɗauka ba. Irin wannan waya takan yi zafi bireka ba ta sani ba, don a lissafinta ba a wuce iyaka ba. Haka wayar ƙari mai bakin soket huɗu ko shida: mai kyau ma iyakarta amfiya 13 gaba ɗaya, kusan wat 3,000, ta araha kuwa zaren cikinta bai kai na cajar waya kauri ba. Ba a jona guga ko hita a kanta.

Kayan da ke da mota

Firij, firiza, na'urar sanyi da injin jan ruwa halinsu daban. Lokacin tashi, mota takan fizgi wuta ninki uku zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita, na daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. Shi ya sa ake sa musu bireka mai C. In an sa B, tana iya ɗaukar fizgar tashi a matsayin haɗuwar waya.

In na'urar da ta shekara tana aiki lafiya ta fara kayar da bireka wajen tashi, fara zargin kafasito, ɗan gwangwanin nan da ke taimaka wa mota tashi. Alamarsa: mota ta yi gurnani uuum ba ta juya ba, fitilun gida su dushe, sai bireka ta faɗi. Sau da yawa za a tarar kansa ya kumbura ko yana tsiyayar mai. Ana canza shi da mai lamba ɗaya da tsohon. Kada a taɓa bakinsa da hannu ko an kashe wuta, don yana riƙe caji. A injin ruwa kuma a duba ko yashi ya cushe farfela ko boris ya ci, domin motar da ta kasa juyawa wutar tashi take ci gaba da ja.

Ɗauke wuta a dawo da ita cikin daƙiƙu, ko juya canji-oba daga janareta zuwa Nepa da sauri, yana jawo irin wannan. Kwamfuresa, wato injin da ke matsa iskar firij ko na'urar sanyi, in ta tsaya, iskar cikinta tana buƙatar minti 3 zuwa 5 ta daidaita. In aka tashe ta kafin nan, ture-ture take yi da matsin da ya fi ƙarfinta. 'Yar na'urar jinkiri da ake jonawa tsakanin soket da firij don wannan aka yi ta, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na kwamfuresa ba.

Sai raunin wuta. In bolt ya sauka, guga da hita ƙarancin wuta suke ja, sai dai su ƙi zafi. Mota kuwa akasin haka take: ƙara jan amfiya take yi don ta cika aikinta. Sitabilaiza ba ta kawo wuta daga sama. Na'urar sanyi mai wat 1,200 da ke cin amfiya biyar da wani abu a bolt 230, in wuta ta sauka zuwa 150 sitabilaizarta za ta ja takwas ko fiye daga bango. Gidan da ke da irinsu uku, babbar bireka ce za ta riƙa faɗuwa da daddare lokacin da unguwa duka ta kunna kaya. Haka gidan da aka ja wa layi uku daga kamfanin wuta, biyu suka ɗauke aka tattara komai aka ɗora wa ɗaya.

In wayoyi sun haɗu

Bireka ta buga da ƙara, wani lokaci har da walƙiya a cikinta, ka ɗaga ta sake bugawa nan take. Kada ka wuce gwaji biyu. Kowane bugu yana cin bakin ƙarfen cikinta, kuma yana ƙara ƙona wurin da matsalar take.

Ga yadda ake bin sawu. Bar birekar a ƙasa. Zagaya duk inda wuta ta ɗauke, ka zare kowane fulogi daga soket, ka kashe kowane makunnin fitila da fanka. Kar ka manta da waɗanda ba a gani: bayan firij, bayan gado, fitilar waje, ƙararrawar ƙofa. Sannan ka ɗaga. In ta zauna, laifin yana jikin ɗaya daga cikin kayan. Mayar da su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kayar da ita shi ne. Yawanci ba a wuce igiyar dutsen guga da ta murɗe ta tsage daidai inda ta shiga jikinsa, ko fulogin da aka ɗaura da hannu zare ɗaya ya kuɓuce ya taɓa maƙwabcinsa, ko mariƙin ƙwan fitila da ya narke, ko wayar da aka cusa tsirara a soket aka tokare da tsinken ashana.

In an zare komai ta ci gaba da bugawa, matsalar tana cikin wayarin gida, kuma daga nan aikin mai gyara ne. Amma za ka rage masa wahala, ka rage wa kanka kuɗi, in ka tuna abin da aka yi a gidan kwanan nan. An buga ƙusa don rataye agogo ko labule? Wayoyi sukan bi miƙe sama ko ƙasa daga soket da makunni, ƙusa a wannan layin takan huda fayif. Kafinta ya hau rufi? An yi sabon silin? Ana jin gudun ɓeraye a sama da dare? Ɓera yana gwaguyar robar waya har ƙarfe ya fito. Tsaka da kyankyasai suna shiga bayan soket da cikin dibi, su gitta tsakanin ƙarfe biyu. Sau da yawa in aka buɗe za a tarar da gawar a ƙone a manne. Tururuwa kuma kan tara ƙasa a akwatin makunni, ƙasar ta sha laima ta zama hanyar wuta. Sai mahaɗar waya da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif a cikin silin: zafin kwano yana busar da gam ɗin, salatif ya warware, wayoyi su sumbaci juna.

Hanci ma kayan aiki ne. Warin ƙonanniyar roba, ko wani ƙarni kamar na kifi kusa da soket, ko baƙin tabo a fuskarsa, sun isa a bar layin a kashe har a buɗe. In har wuta ta kama, a kashe babban makunni tukuna, a yi amfani da yashi ko tukunyar kashe gobara ta hoda. Ruwa a kan wayar da ke da wuta kisa ne.

Yoyon wuta, mai wahalar kamawa

Mai maɓallin T ita ce aka fi tsana, don takan kashe gida duka, kuma takan faɗi ba tare da an ga dalili ba. Ita ce kuma kaɗai a cikin akwatin da aka sa don ran mutum. Bireka ta 16 ba ta san mutum yana maƙale da waya ba, domin wutar da ke kashe mutum ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba.

Ruwa ne babban mai laifi. In faɗuwar ta zo da damina, ko da asuba lokacin raɓa, duba fitilun tsaro na katanga, soket na tsakar gida, wayar da aka ja zuwa shago ko ɗakin maigadi, da inda kwano ke yoyo a kan silin. Mahaɗar wayar sumo a cikin rijiyar burtsatse, in da salatif kawai aka naɗe ta, ba ta daɗewa ruwa ya shiga. Na biyu kayan zafi: ƙarfen da ke cikin hitar banɗaki, buta, risho ko injin wanki in ya tsufa yakan tsage da ƙyar ido ya gani. Wani ba ya yoyo sai ya yi zafi, shi ya sa hita kan yi minti goma tana aiki kafin ta kayar da gida. Tsohuwar firiza mai ɗan jan mutum in ya taɓa ta ba takalmi, ita ma a sa ta a jerin farko.

Hanyar bincike: sauke dukkan ƙananan birekoki, ɗaga mai T, sannan ka riƙa ɗaga ƙananan ɗaya-ɗaya kana ɗan jira. Wadda ta kayar da ita, layinta ne. Sai ka koma zare fulogi kamar yadda aka yi a baya. A nan kashe makunnin soket bai wadatar ba, sai an zare, domin yawancin makunnai laif kaɗai suke yankewa, nitiral tana nan a haɗe.

Wannan nitiral ɗin ce ke kawo matsalar da ke rikita har masu gyara. In nitiral ta taɓa wayar ƙasa (waya ta uku, wadda ke kai yoyon wuta cikin ƙasa) a wani wuri, a ce a bayan soket ɗin ɗakin baƙi, ba abin da zai faru muddin gida shiru. Da zarar an kunna abu mai nauyi a ko'ina, ko a kicin ne, wani kaso na wutar da ke dawowa sai ya bi ta wannan mahaɗa ya zurare ƙasa, mai T ta faɗi. Sai a kama buta da laifi, a sayo sabuwa, ita ma ta kayar. Alamarsa ita ce kowane babban kaya yana kayar da ita, kuma sauke ƙananan birekoki ba ya nuna layi ɗaya tak. Ba a gano shi sai an cire nitiral ɗin kowane layi daga sandarsu an gwada.

Irin wannan rikici ya yawaita tun da inbata da sola suka shiga gidaje. A ware wasu layuka a ba inbata, a bar nitiral ɗinsu a cakuɗe da na sauran. Ko a sa canji-oba mai yanke laif kaɗai. Ko fitilar matakala ta ɗauki laif daga wani layi ta ari nitiral daga wani. In faɗuwar ta fara ne daga ranar da aka yi irin wannan aiki, ko ba ta faruwa sai an juya zuwa janareta, wanda ya yi haɗin shi za a kira ya raba nitiral. A gefen batir da faifan sola kuma bireka ta musamman ake sawa mai alamar DC. Ta gida ba ta iya kashe tartsatsin irin wannan wuta.

Akwai kuma gidan da ba abin da ya lalace, taruwa ce kawai. Kwamfuta, na'urar sanyi ta zamani, injin wanki, inbata, kowanne yana da ɗan yoyonsa na halitta. In an tara su duka a ƙarƙashin mai T guda, jimlar ta kusa miliamfiya 15, abu kaɗan zai tura ta. Ƙa'idar aiki ita ce kada yoyon yau da kullum ya wuce miliamfiya 9 a kan mai 30. Gyaran shi ne a raba gida biyu ko uku, ko a sa wa kowane layi RCBO, wadda ta haɗa aikin bireka da na mai T a jiki ɗaya. Abin da ba gyara ba ne shi ne a tsallake ta da waya, ko a canza ta da mai 100 ko 300: waɗannan don gobara aka yi su, ba sa ceton wanda wuta ta kama. Danna T ɗin duk wata shida lokacin da akwai wuta. In ba ta faɗi ba, ta mutu a tsaye, a canza ta.

Wani lokaci dai ita ce

Bireka tana lalacewa, amma a ƙarshe ake zarginta. Kafin nan a duba sukurun da ya riƙe waya. In ya yi sako-sako, wurin yana zafi, zafin ya bi ƙarfe ya shiga ciki ya lanƙwasa tarkon farko alhali nauyi bai kai ba. Za a ga robar waya ta yi baƙi ko ta ƙanƙance daidai bakin bireka, jikinta ya yi ruwan ƙasa, wani lokaci ana jin tsit-tsit. Ɗaure sukuru kaɗai ba ya isa in wuri ya riga ya ƙone: a yanke wayar zuwa inda ƙarfe ke sheƙi, a sa sabuwar bireka mai lamba da harafi irin na tsohuwa. Wadda hannunta ya yi laƙwas ba ya kamawa ko an cire wayar da ke fita daga gare ta, ta gama aiki. A saya a wurin dila da aka sani, domin jabu ta fi tsohuwa haɗari. Wata ba komai a cikinta sai makunni, ba ta faɗuwa ko gida na ci.

Wani lokacin kuma ba bireka ba ce sam. Mitar kati tana yanke wuta da kanta in kuɗi ya ƙare, ko nauyi ya wuce iyakar da aka sa mata, ko bolt ya hau ko ya sauka fiye da kima. Za ka tarar birekoki duk suna sama, fuskar mita tana nuna saƙo. A Nijar, babbar birekar da ke kusa da kwantar, wato mita, an saita ta ne daidai ƙarfin da mai gida ya yi rajista da NIGELEC, kamfanin wutar ƙasar. In kaya sun ƙaru tana faɗuwa, ƙarin ƙarfi ake nema a ofis. Mita da kat-awt (babban fis ɗin da ke kusa da mita) da duk abin da ke da hatimi na kamfanin rarraba wuta ne, ba a ɓalle su.

Iyakar mai gida ita ce murfin waje, fulogi da lissafi. Bayan murfin ciki akwai wuta ko an kashe babban makunni, don wayoyin da suka shigo daga mita suna nan da ransu, inbata ma tana iya turo tata ta baya. Tasta mai ɗan ƙwai ba hujja ba ce cewa waya ta mutu. Mai gyaran da ya san aikinsa zai zo da mita mai baki kamar ƙaguwa, ya maƙala a waya a kunna kaya ya nuna maka amfiya nawa layin ke ja, ka gwada da lambar bireka da idonka. Zai zo da mega, wadda ke tura bolt 500 a wayar da aka kashe don auna lafiyar robarta. Abin da ya gaza megohm 1 bai ci jarrabawa ba, kuma sai an zare kayan laturoni kafin a yi, in ba haka ba gwajin ya ƙona su. Zai duba sandar ƙarfen da aka binne don wayar ƙasa ko tana nan, ko wayarta ta ruɓe a gindi. A Najeriya hukumar NEMSA ce ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, ba laifi ka nemi gani. Kafin ya mayar da murfi, ku bi birekokin ɗaya-ɗaya, yana saukewa kana duba inda ya ɗauke, a rubuta a takarda a manna a cikin ƙofar dibin: 1 fitilun falo, 2 soket na kicin, 3 sumo, har zuwa ta ƙarshe, da kaurin wayar kowacce a gefenta.